Dutsen da ke cikin zabirar Baba wanzami

Askata ta farko a kasuwar Sabon Garin Zariya na tsince ta, wajen mutanen nan masu baza tsofaffin ƙarafa a kan buhu, kwaɗo ne, sifana ne, makullan da an daɗe da rabuwa da ƙofofinsu, to a cikin tarkacen na hango ta a ninke cikin ƙotarta. Irin askar Turawan nan ce mai ninkewa, ƙotar ƙaho ce baƙa ta ɗan tsage ta gindi, da na buɗe na murje tsatsar da babban yatsa sai ga rubutu ya fito, Sheffield, wato garin nan na Ingila da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe. Shi mai kayan a wuƙar ɓare lemo ya ɗauke ta, kuɗin da na ba shi bai kai na kwanon shinkafa da wake ba. A lokacin ina fama da ƙuraje a haɓa da wuya, duk sanda na yi gyaran fuska da kilifa ko reza bayan kwana biyu sai wuyana ya yi rudu-rudu ga ƙaiƙayi, shi ya sa da na ganta nace bari in gwada irin ta da.

Kuskuren da na yi, kuma dan Allah duk wanda ya samu irin wannan askar kar ya maimaita shi, shi ne na kai ta wajen mai injin washi, irin waɗanda ke wasa wa mahauta da masu tsire wuƙaƙe. Bawan Allah ba da mugunta ya yi ba, abin da ya saba kenan, ya danna ta a jikin dutsen injin tartsatsi ya tashi, ko minti ɗaya ba a yi ba ya miƙo min, ina dubawa naga bakin ya koma shuɗi-shuɗi daga tsakiya har tsini. Bakin aska fa siriri ne kamar takarda, zafi nan take yake kama shi, kuma in kaga ƙarfe ya yi shuɗi to zafin ya kai wajen digiri 300, taurin da maƙeri ya ba shi a wannan wurin ya tafi kenan, ko ka wasa ba zai riƙe kaifi ba sai an cinye wurin gaba ɗaya an tarar da lafiyayyen ƙarfe a baya. Na dawo gida raina a ɓace, na jefa ta a durowa ta yi kusan wata biyu ban ko kalle ta ba.

Hajiyarmu ce da ta ji labarin tace me zai hana ka kai wa Baba wanzami. Baba shi ne wanzamin gidanmu a cikin birni, shi ya yi min askin suna ranar bakwai, shi ya yi mana kaciya ni da ƙannena, shi ke yi wa mahaifinmu aski duk safiyar Juma'a har Allah Ya yi masa rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa muka gaisa ya tambayi Hajiya da iyali, nace Baba wata aska na kawo a duba min. Ya karɓa ya juya ta gaba da baya, ya ɗora bakin a kan farcen babban yatsa ya ja a hankali kamar mai sauraron wani abu, sannan ya ɗago ya kalle ni.

"Ɗana wa ya yi maka wannan aika-aika? Aska ai ba adda ba ce."

Ya jawo zabira ya zaro duwatsu guda biyu kowanne naɗe a tsumma. Na farkon mai ɗan kaushi ne ja-ja, da shi ya cinye wurin da ya ƙone, kuma wannan kaɗai sai da ya ɗauke mu zama uku, yace ba a yi wa ƙarfe gaggawa. Na biyun shi ne wanda ya jawo duk abin da nake ciki yanzu. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, faɗin yatsa uku, toka-toka ne da ɗan kore-kore in ya jiƙe, tsakiyarsa ta lotsa kamar sirdi saboda shekarun da aka yi ana gogar ƙarfe a kai, in ka shafa shi kamar ka shafa kumatun jariri. Ya ɗiga ruwa daga buta, ya kwantar da askar ya fara kai da kawowa, ba ka jin komai sai wani ɗan sauti siiii kamar ana jan zani a kan tabarma, ruwan ya fara yin baƙi-baƙi.

Abin da ya burge ni a ranar, Baba bai taɓa riƙe irin wannan askar ba, tasa ta maƙeranmu ce, gajeruwa mai faffaɗan baki, wadda sai kai da hannunka za ka ɗaga bayanta daidai gwargwado ka riƙe a haka kar ya motsa, aikin da ake shekaru ana koyo. Amma yana kwantar da tawa sau biyu yace "a'a, wannan ai ita ke nuna maka kwanciyarta." Kuma haka ne wallahi. Askar Turawa an rarake gefenta biyu, gadon bayanta mai kauri ne, in ka kwantar da ita baya da baki suka taɓa dutse tare to shikenan kusurwar ta daidaita kanta, wajen digiri 15 zuwa 18 in ka haɗa gefe biyun, ba ruwanka da ɗagawa. Da ya gama ya goga ta a wata tsohuwar fata da ta sha mai har tana sheƙi, ya ƙarasa a tafin hannunsa fat fat fat, ya kama gashin damtsena ya wuce da ita sama-sama ko fatar bai taɓa ba, gashin ya zube.

Washegari na yi aski da ita. Na ɗan yanke a ƙasan kunne sau biyu don hannu bai saba ba, amma abin da na lura babu ja, babu wannan zafin na tsigar gashi, kuma da na ɗore a kai cikin wata guda ƙurajen suka ragu sosai. Daga nan ne na fara neman dutse nawa na kaina, don ba zai yiwu kullum in riƙa sintiri zauren tsoho ba.

To shiga intanet da na yi neman bayani sai na tarar ashe duniya ce guda. Abin da ya fara ba ni mamaki, daga baya kuma ya koma yana ba ni takaici, shi ne yadda mutanen nan suka san kowane dutse da sunansa da garinsu da ramin da aka haƙo shi. Ɗauki na Beljiyam da ake kira kotikul. A yankin Ardennes ake haƙo shi kusa da wani gari Vielsalm, ruwan ɗorawa ne mai haske kamar man shanu, kuma a cikin ƙasa ba tsauni guda ba ne, wasu siraran jijiyoyi ne a tsakanin wani dutse mai shuɗi, shi ya sa za ka gan shi ɗan falle ne a manne a kan baƙin dutse ko kuma a haɗe da shuɗin tun daga halitta. Abin da ke cin ƙarfen wasu ƙananan ƙwayoyi ne na wani ma'adini mai tauri da ake kira ganet, waɗanda ido ba ya gani, kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na dutsen, kuma ƙirarsu kusan mulmulalliya ce mai fuska 12, ba masu tsini ba ne, shi ya sa ba sa yi wa ƙarfe zurfin karce, kaifin da suke bayarwa mai sanyi ne a fuska. Har jijiyoyin ma kowacce da sunanta, akwai La Veinette, akwai La Dressante, akwai La Grise, mutum zai kalli launi da zanen gefen dutse yace maka wannan daga jijiya kaza ya fito.

Na Amurka kuma daga jihar Akansas, duwatsun Ouachita wajen garin Hot Springs. Sunan dutsen nobakulait, kuma kalmar daga Latin take, asalinta ma aska take nufi, kaga tun a suna an gaya maka aikinsa. Shi kusan zallan silika ne a cure, wato sinadarin da ke cikin yashi, akwai mai taushi, akwai mai tauri, akwai baƙi wuluk, akwai wanda in ka haska masa tocila hasken ke ratsa shi. Da mai ake amfani da shi ba ruwa ba, kuma a hankali yake ci kamar ba ya yi. Japan kuwa su abin nasu ya wuce nan, a tsaunukan da ke kusa da Kiyoto suke da ramuka irin su Nakayama da Ozuku da Shobudani, yawancinsu an daɗe da rufe su shi ya sa tsadar ta yi yawa, kuma suna da wasu ƙananan fararen duwatsu da ake kira nagura waɗanda ake gogawa a kan babban a fitar da ruwan washi, ana canza su daga mai kaushi zuwa mai laushi a kan dutse guda. Jamus suna da na Thuringia wanda wani kamfani Escher ya riƙa liƙa wa takarda yana sayarwa, yau takardar nan in tana jiki kuɗin ninkuwa yake. Ingila akwai Charnley Forest, Sikotland akwai Water of Ayr, Afirka ta Kudu akwai Zulu Grey, Chaina akwai wani toka-toka daga Guangxi mai arha.

Ni dai a cikin waɗannan uku na mallaka. Na Chainan shi na fara saya don shi aljihuna ya iya, yana aiki amma sai ka yi haƙuri, sai ka yi ta kai da kawowa har kafaɗa ta gaji kafin kaga bambanci. Baƙin Akansas ɗan ƙarami wani abokin aiki ya taho min da shi, da man keken ɗinki nake amfani a kansa, kaifin da yake bayarwa mai tsanani ne, in ka yi sakaci da hannu zai gaya maka. Kotikul kuwa sai da na yi wata huɗu ina ware wani abu daga albashi sannan ƙanina da ke karatu a Turai ya saya ya taho da shi hutu, faɗinsa santimita 4 tsawo 15, kuma har yau in za a ce in zaɓi ɗaya a cikin na ƙasashen waje shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, saboda shi kaɗai zai iya kai ka daga tsakiyar aiki har ƙarshe.

Wani zai ce me ya kai ka wahala bayan akwai duwatsun kamfani masu lamba, 1000, 4000, 8000, 12000, lamba na hawa laushin dutse na ƙaruwa, ka bi su a jere ka gama. Gaskiya ne kuma ni ma ina da mai lamba 1000 ɗin, da shi nake kafa baki, ba na ɓata dutse mai tsada a wannan aikin. Amma dutsen Allah ba shi da lamba, duk wanda ya rubuta maka lamba a jikinsa kintace ya yi, biyu za su fito daga rami guda halinsu ya bambanta, dole sai ka zauna da naka ka san shi, yawan ruwan da yake so, nauyin hannun da yake ɗauka, sautin da yake yi in ya kusa gamawa. Kuma a fuskata ni ina jin bambanci, kaifin na kamfani kamar yana neman fata, na halitta kuma gashin kawai yake nema. Wannan ra'ayina ne kuma na tsaya a kai.

Ga yadda nake yi, ko wani zai amfana. Kafin komai sai dutse ya miƙe sumul, don sabon dutse ma ba lallai ya zo a miƙe ba. Ina samun gilashi mai kauri ko tayil, in shimfiɗa sanfefa mai jure ruwa a kai in jiƙa, in zana layuka da fensir a fuskar dutsen tsaye da kwance, in yi ta gogawa har layukan su goge baki ɗaya, inda fensir ya rage to nan ne kwari. In ɗan kashe kaifin gefunan dutsen ma don kar su ci bakin aska. Sannan kafa baki a kan 1000, kuma a nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, ni ma na daɗe a nan, don in gefe biyun nan ba su haɗu a tsini guda ba tun daga gindi har ƙarshe to ko dutsen miliyan ka hau ɓata lokaci kake, kana goge abin da bai zama kaifi ba tukuna. Dabarar da ta taimake ni ita ce in shafa wa bakin baƙin biron maka, in ja sau uku ko huɗu, in duba da ɗan madubin nan na masu gyaran agogo, duk inda baƙin ya rage dutse bai taɓa wurin ba. Sai askar ta iya aske gashin hannu a kowane sashe na bakinta nake barin wannan dutsen.

Daga nan sai kotikul. Ana goga wani ɗan guntunsa a kai da ruwa har wani abu ya taso kamar madara, ni kunun dutse nake ce masa. In kunun ya yi kauri yana cin ƙarfe da sauri amma yana ɗan dakusar da tsinin, shi ya sa ake farawa da shi a haka sannan a riƙa ɗiga ruwa kaɗan-kaɗan yana tsinkewa, ɗigo biyu ka ja sau ashirin, ɗigo biyu ka ja sau ashirin, har ya zama ruwa zalla, a wanke dutse a wanke aska a ƙarasa a kan ruwa mai tsabta da hannu sakwai-sakwai, nauyin askar kaɗai ya isa. Baki ne ke gaba in ana washi, kana tafiya kana ɗan zamewa a karkace don duk tsawon ya samu, in ka kai ƙarshe a kan gadon baya ake juyawa, kar ka kuskura ka juya ta kan baki. A fata kuma akasin haka ne, baya ke gaba baki na bi. Fatata ma a nan Zariya wani baduku ya yanko min ita daga kirgi mai kyau, ya sa mata zobe ina rataya ta a ƙusa, ba ta da wani bambanci da waɗanda ake sayarwa da dala.

Yanayinmu ma yana da nasa. Da hunturu ruwa ba ya minti biyu a kan dutse ya bushe, kunun sai ya kafe maka kana tsakiyar aiki, ga ƙura, ƙwayar yashi ɗaya tak in ta faɗo ta shiga ƙarƙashin baki za ka ji ƙaras, aikin rabin awa ya koma baya, don haka a ɗaki nake yi in rufe taga in ajiye kofin ruwa a gefe. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba, askar da ka bari da ɗan danshi a watan Agusta kafin safiya ta yi ɗigo-ɗigo ja, dole ka goge ta tas har cikin ƙota ka shafa mata ɗan mai.

Yanzu ga inda abin ke ci min rai. Duk wannan sunaye da na lissafo, na Beljiyam da na Japan, da na koma wajen Baba nace Baba shi wannan naka daga ina yake, sai yace na mahaifinsa ne, shi ma wajen wasu fatake ya saya da suka zo daga yamma tun Baba bai yi wayo ba. Abin da aka riƙe kenan. Dutsen da ya aske kan mutanen unguwa guda fiye da shekara 70, ya yi askin sunan yaran da yanzu su ne kakanni, ba wanda ya rubuta inda aka fasa shi. Kuma ba wai ya gaza na waje ba ne, na gwada, na wasa aska ɗaya a kansa ɗaya a kan kotikul na aske ɓangare-ɓangare, in akwai rata to ƙarama ce ƙwarai. Mu ma muna da dutse, masu saninsa ne ke tafiya ɗaya bayan ɗaya ba a tambaye su ba.

Wannan ne ya sa na fara yawo. Na fara da Kufena ta wajen Wusasa, na ɗebo guntaye cike da jakar baya, na kai wa wani abokina da ya karanci ilimin duwatsu a ABU Samaru. Yace min duwatsun da suka kewaye Zariya irin su Kufena giranit ne, duba da idonka kana ganin ƙwayoyinsa fari da baƙi da ja, to duk dutsen da kake iya ganin ƙwayarsa ya yi wa aska girma, ga shi taurin ƙwayoyin ba ɗaya ba, wata ta ci wata ta karce, ya yi daidai da gatari ko fartanya ko dutsen niƙa amma ba aska ba. Marmara kuwa kar ma in wahalar da kaina, marmashewa take. Yace abin da nake nema dutse ne da asalinsa laka ce ko lallausan yashi da ya daskare ya matsu, mai ɓarewa falle-falle, kuma irinsa ya fi yawa ta yamma da mu, wajen Birnin Gwari da Kushaka har zuwa Maru da Anka a Zamfara, yankunan nan da ake haƙar zinare. Da ya faɗi yamma sai da tsigar jikina ta tashi don na tuna fataken Baba. Halin da hanyoyin can suka shiga a shekarun nan ya hana ni zuwa da kaina, Allah Ya kawo mana zaman lafiya, amma akwai direban babbar mota a unguwarmu da nake roƙo, in ya ga dutse mai santsi mai falle ya jefo min a mota.

Abokin nawa ya koya min wata dabara ta masu aikin daji, ka ɗan goga dutsen a haƙoran gaba, in ka ji gurus-gurus akwai yashi a ciki, in ka ji sumul to lallausa ne. Ni kuma na ƙara da tawa, ina yawo da tsohon cokali da gorar ruwa, in jiƙa dutse in goga bayan cokalin, in ya bar baƙin layi to yana cin ƙarfe, sai in duba bayan cokalin a rana in ga irin karcen da ya yi, in ya yi hazo-hazo mai laushi na ɗauka, in ya yi zane-zane na yar. Da rani in ruwa ya ja na bi bakin Kubanni da Galma da wannan cokalin ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. A cikin duwatsu sama da 30 da na ɗauko ko aka kawo min, yawancinsu na wuƙar kicin ne, maiɗakina ta ji daɗinsu. Biyu ne suka yi abin kirki. Ɗaya baƙi-baƙi ne da direban nan ya kawo, na kwana uku ina miƙar da shi a kan sanfefa, yana da wata jijiya fara a gefe da ke karce ƙarfe sai da na sa aka yanke ta da injin masu tayil, abin da ya rage bai fi akwatin ashana biyu ba amma yana ɗaukar aska daga 1000 ya kai ta inda za ta yi aski, ba kamar na Baba ba amma ya kama hanya. Na liƙa masa takarda na rubuta wurin da direban yace ya ɗauke shi da watan da shekarar, haka nake wa kowanne yanzu, kuma ina da littafi da duk wanzamin da na zauna da shi nake rubuta abin da ya gaya min game da nasa dutsen, wasu su yi dariya wasu kuma su saki baki su yi ta ba ka labari har magariba.

Abu ɗaya da ba zan tsallake ba. Askata tawa ce ni kaɗai, ko ɗan'uwana ba na ara wa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya kwana 7 a raye a jikin ƙarfe ko da jinin ya bushe ba ka ganinsa, ga kuma cuta mai karya garkuwar jiki, don haka wanzaman da suka koma sa sabuwar reza ga kowane mutum daidai suka yi, ban ga laifinsu ba ko kaɗan. In kana son askin gargajiya ka mallaki taka ka riƙa zuwa da ita, shi ma wanzamin zai fi samun natsuwa. Sai dai ita rezar ce ta sa dutsen ya zama ba shi da aiki a zabira, yaran da ke tasowa a sana'ar da yawansu ba su taɓa wasa aska ba.

Baba yanzu ido ya yi rauni ya daina fita aski, 'ya'yansa ɗaya yana da shagon kilifa a Tudun Wada ɗaya yana aikin gwamnati. Bayan ƙaramar sallah na je gaishe shi, na tafi da askar nan ta Sabon Gari da na wasa da hannuna a kan kotikul, da shi kotikul ɗin a aljihu, ina so ya gani. Ya ɗora ta a farce ya ja tun daga tsini, yana zuwa kusa da ƙota ya tsaya ya sake ja, yace "gaba ya yi, amma ka bar gindin, hannunka na ɗagawa in ka zo nan." Na karɓa na duba, haka ne. Sai na miƙa masa dutsen nace Baba ga na Turawan da nake ba ka labari. Ya shafa shi ya daɗe yana shafawa, ya sa aka kawo buta, ya zaro tsohuwar askarsa ya ja sau kamar goma yana kasa kunne, yace wannan yana da sauri, bar min shi in ji halinsa. Sannan ya laluba zabira ya ɗauko nasa a cikin tsummansa ya ɗora min a hannu yace in tafi da shi in gyara gindin askar, kuma kar in sake in goge lotsawar nan a kan gilashina, a haka mahaifinsa ya bar masa.

Ban goge ba. Sai da na yi sati biyu kafin hannuna ya gane yadda ake bin kwarin, a gefe-gefe ake tafiya ana ɗan murza askar ba a miƙe ba, gindin ya kama yanzu. Kotikul ɗina yau wata uku kenan yana zauren Baba, jikansa ya gaya min kullum bayan la'asar sai ya sa an kawo masa buta, ya wasa askakensa guda huɗu duk da ba wanda zai aske da su. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan koma da littafina, yace ya tuna sunan wani tsohon wanzami a wajen Giwa da mahaifinsa ya taɓa cewa dutsensu iri ɗaya ne.